Mutum-mutumin Baba Yamusa

Na'urar tiyatar ta iso Abuja a cikin akwatuna huɗu, a shekarun nan da kuɗin mai ke malala a garin, duk lungun da ka leƙa sai ka ga ana ɗora bene a kan bene. Wani asibitin kuɗi ne a Garki ya sayo ta, irin asibitin da mai gadinsa ma kwat yake sawa. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, manya suka tafa, suka ci shinkafa, suka watse. Amma da aka ce to, wa zai fara kwanciya a ƙarƙashinta, sai duk ogogin da ke da irin ciwon da aka sayo ta dominsa suka tuna cewa ai suna da likita a Landan.

Da haka abin ya faɗo kan Baba Yamusa, wani manomin doya daga ƙauyen da ke bayan Karshi, mutumin da ko allurar rigakafi sai an yi da gaske yake miƙa hannu.

Rosemary ce ta kawo shi. Nas ce a ɗakin tiyatar asibitin, kuma 'yar ƙaninsa ce. Mahaifinta Yelwa ya rasu tana 'yar shekara bakwai, tun daga ranar Baba Yamusa ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa. Da doyarsa ta yi firamare, da doyarsa ta yi makarantar koyon aikin jinya. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa bari ta kwana da yunwa ba. Abu ɗaya ne dai ta lura da shi tun tana ƙarama, har ta saba: bai taɓa kallonta ido cikin ido ba. In zai yi mata magana, kafaɗarta yake kallo.

Da ta je gida hutun Ista ta same shi kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ba riga. Ta durƙusa za ta gaishe shi, sai idonta ya sauka a kan cikinsa. A saman cibiya fatar na ɗagawa tana sauka, tana ɗagawa tana sauka, kamar akwai wata zuciyar a wurin. Washegari ta sa shi a mota, yana faɗa yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, ga shuka na jiransa.

Hoton da aka ɗauka ya nuna abin da take tsoro. Babbar jijiyar jinin da ta taso daga zuciya ta sauka cikin ciki ta kumbura a tsakiya, bangonta ya yi siriri kamar tsohon tiyub na keke. Ranar da ta ga dama za ta fashe, in kuwa ta fashe, mutum ba ya kai azahar.

Dakta Abdulmajeed ne mai aikin. Bakano ne, ya yi shekara goma sha biyu a Ingila, ya dawo da farin gashi a gemu da Hausar da Turanci ya cinye rabinta. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, ba ya wasa da mara lafiya, sai dai yana son na'urar nan kamar shi ya haife ta. Ranar Litinin ya zo gefen gadon Baba Yamusa da takarda a hannu ɗaya, ƙaramin akwati a ɗaya hannun, Rosemary na biye da shi.

Ya ce, "Baba, albishirinka. Ba za mu farka maka ciki ba. 'Yar ƙofa kaɗan za mu buɗe a gindin cinya, mu zura waya ta bi cikin jijiyar har wurin kumburin. A nan za mu buɗe wani bututu na ƙyalle da waya, ya zauna a ciki, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Shi ke nan, kumburin ya huta."

Baba Yamusa ya ce, "To." Hausarsa irin ta kasuwar Karshi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Kai ne za ka yi?"

"Ni ne, amma ba da hannuna ba. Ina zaune a wani ɗaki daban, bayan gilashi. Robot ne zai tura wayar." Ya juya ga Rosemary. "Sista, yaya ma ake ce wa robot da Hausa?"

Ba ta ko yi tunani ba. Kalmar da take ji a rediyo ce ta zo mata baki. Ta ce, "Mutum-mutumi. Baba, mutum-mutumi ne zai yi aikin."

Sai ta ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe a ƙarƙashin zanen gado.

Dakta bai lura ba, don ya riga ya buɗe akwatinsa yana murmushi. Ya fito da wani abu na roba mai haske, ana ganin cikinsa, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya aiko da shi, an zuba shi daidai da hoton jijiyar Baba Yamusa, don likita ya gwada hannunsa kafin ranar aiki. Rosemary ta sha ganin irin wannan siffar a littafi, amma sai yau ta gan ta da idon ƙauye. Gangar jiki ce ba kai. Daga sama 'yan rassa biyu sun fito hagu da dama kamar hannuwa, daga ƙasa ta rabu biyu kamar ƙafafu, a tsakiya kuwa ga ƙaton ciki ya kumbura.

Dakta ya ɗaga shi ya ce, "Ka ga wannan, Baba? Kai ne. Daga jikinka aka kwaikwayo shi, ko ƙwayar gero bai bambanta ba. Gobe zan fara gwadawa a kansa, jibi kuma sai kai. Daga nesa zan yi komai, ba zan ko taɓa ka ba. Abin da ya rage kawai ka sa mana hannu a nan."

Baba Yamusa ya daɗe yana kallon abin robar. Sannan ya ce a hankali, "Ai an riga an sa hannu."

Dakta ya duba takardar ya ga ba komai a kanta, ya yi dariya. Rosemary ba ta yi ba. A inda ta tashi, in aka ce an sa wa mutum hannu, ba maganar biro ake yi ba. Ta ce wa Dakta a ba shi zuwa gobe, tsoho ne, tsoro ne kawai. Da suka fita ta waiwaya, ta ga ya juya fuskarsa bango.

Ranar Talata da hantsi aka yi gwajin. Aka kwantar da abin robar a kan teburin tiyata, a daidai inda mutum zai kwanta, aka haɗa shi da wani famfo mai tura jan ruwa. Da aka kunna famfon, ƙaton cikin ya fara ɗagawa yana sauka. Rosemary ta kau da kai, ta kama gyara almakasan da ba sa buƙatar gyara.

Dakta ya shiga ɗakinsa bayan gilashi, ya zauna gaban allo, ya kama wani ɗan maƙulli da yatsu uku. A wannan gefen kuwa, hannun na'urar ya motsa shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Ba ya ƙara, sai wani ɗan tsaki da yake yi in yana tura waya. Wayar ta shiga ta ƙafar hagu ta abin, tana hawa a hankali, ana ganinta ta cikin robar. A wata kwana ta tsaya. Dakta ya ƙara turawa. Sai bakin wayar ya huda bangon ya leƙo waje, jan ruwa ya fara tsartuwa a kan farin zanen.

Muryar Dakta ta fito ta lasifika, ko a jikinsa. "To, alhamdu lillahi, a nan ya faru ba a jikin Baba ba. Kwanar nan tana da sharri, yanzu na san ta. Sista, rubuta lokaci."

Ta duba agogon da ke maƙale da fil a ƙirjin rigarta. Sha ɗaya da minti goma. Ta rubuta.

Da aka tashi ta hau sama ɗakin marasa lafiya. Tun a ƙofa Janet, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ta tare ta.

Ta ce, "Sista, tsohon nan naki ya ba ni tsoro yau. Yana kwance lafiya lau, sai kawai ya kurma ihu ya dafe nan," ta nuna gindin cinyarta ta hagu. "Na auna shi, jini ya ɗan sauka, sai kuma ya dawo. Ba komai dai yanzu."

Rosemary ta karɓi katin da ke rataye a ƙafar gado. Rubutun Janet manya ne, ba a yi masa karatu biyu. Sha ɗaya da minti goma.

Ta tsaya da katin a hannu tana yi wa kanta bayani irin na makaranta. Mai irin wannan ciwon yakan ji suka a nan da can. Tsoho ne, a tsorace yake, ya kuma san yau za a yi gwajin. Duk gaskiya ne. Amma sai ta sake duba lokacin da ke kan katin.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, ɗakin ya yi duhu kamar magariba ta yi. Aka kunna fitilu. Ruwa ya sauko da ƙarfi yana dukan gilashin taga. Rosemary ta ja kujera ta zauna gefen gadon da takardar a cinya, ta ce, "Baba, ni ce na yi kuskure jiya. Ba irin mutum-mutumin da ka sani ba ne. Inji ne, kamar injin niƙa. Robar nan kuma abin gwaji ce kawai."

Ya ce, yana kallon kafaɗarta, "Wa ya faɗa maka?"

"Wa ya faɗa mini me?"

"Maganar Yelwa."

Ta zuba masa ido. Shi kuwa ya ɗauki shirun nata a matsayin amsa, ya fara magana. Bai ɗaga murya ba, sai da ta matso don ruwan na danne shi.

Ya ce rigimarsu da Yelwa a kan fadamar bakin rafi ce. Ubansu ya mutu bai raba ba, shi yana cewa tasa ce don shi ne babba, Yelwa yana cewa shi ya share ta. Shekara biyu ba sa gaisawa. Ran nan Yelwa ya tumɓuke masa irin doya a gaban mutane, aka yi masa dariya. Ya kwana uku zuciyarsa na tafasa. Ya tafi Uke wurin wani tsoho, tsohon ya faɗa masa abin da zai yi. Ya dawo ya ɗebi yumɓu daga wanda uwarsu ke gina tukwane, ya gina ɗan mutum, ya kira sunan Yelwa a kansa sau uku, ya soka masa basilla a ciki, ya binne a tsohon gidan tururuwa.

"Ni ban ce ya mutu ba," in ji shi. "Na ce ya ji zafi kaɗan. Kwana uku, yana gona, ya kama ciki, ya kama baya, ya faɗi. Leɓensa ya yi fari. Kafin rana ya kai tsakiya ya tafi. Ni na ɗauko shi. Kai kana bakin ƙofa kana cin gyaɗa."

Ta tuna gyaɗar. Shekara ashirin da bakwai ba ta san tana tune da ita ba.

Abin da ya fara zuwa mata ba baƙin ciki ba ne, fushi ne, irin wanda ke sa kunne ya toshe. Ta dubi hannuwan nan masu kaushi da suka ɗaura mata akwati a mota ranar da za ta tafi makaranta, ta ga su suna murza yumɓu. Ashe duk doyar nan da ta ci, abin da take ci ke nan. Ta so ta tashi ta bar masa ɗakin. Amma nas ɗin da ke cikinta ta riga ta ji wasu kalmomi: ciki, baya, farin leɓe, kafin azahar.

Ta ce, "Baba, ba kai ka kashe shi ba. Ciwon nan naka shi ne nasa. Yana bin jini, wa da ƙani sukan yi shi tare. Tasa jijiyar ce ta fashe. Ko ba ka gina komai ba, da ranar zai faɗi."

Ya ce, "Kwana uku fa."

"Dacewa ce."

"Yau da safe ma dacewa ne?"

Ta mai da idonta kan takardar.

Ya miƙo hannu ya ce a kawo tawadar. Ta ɗauka ya fahimta, har ta fara jin sauƙi. Ya dangwala babban yatsansa, ya danna a takardar da ƙarfi, sannan ya ce, "Ba laifi. Ɗan Yelwa ya girma, ya yi boko, ya gina nasa. Naka ma ya fi nawa kyau. Ka rama, ni ba zan gudu ba."

"Baba, ba ramuwa na kawo ka ba! Magani na kawo ka!"

Ya ce, "To," irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru. Ya goge yatsansa a zanen gado ya rufe ido.

A ƙa'idar aikinsu, hannun da aka sa a kan rashin fahimta ba hannu ba ne, kuma Rosemary ta san haka sarai. Ta tsaya a baranda da takardar, ruwa na feso mata a ƙafa. In ta kai wa Dakta gaskiya, za a ɗaga aikin, a kira wannan a kira wancan, jijiyar kuwa ba ta jiran kowa. Ta kai takardar ofis ta ajiye, ba ta ce uffan ba.

Laraba da ƙarfe tara aka shigo da shi. Ba a sa shi barci ba, saboda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ƙasan jikinsa kawai aka kashe. Aka rufe shi da koren zane daga ƙirji zuwa ƙafa. Aka buɗe 'yan ƙofofin a gindin cinya, aka ɗaura bakin wayar a hannun na'ura, sannan Dakta ya wanke hannu ya koma bayan gilashi. Rosemary ta tsaya a wajen kan tsohon, sanye da rigar dalma mai nauyi da ake sawa saboda hasken hoto. Aikinta ta kula da shi, ta kuma faɗa masa abin da Dakta ke so.

Hannun na'urar ya fara tsakinsa. A allon da ke sama, cikin toka-toka, aka ga inuwar ƙashin bayan Baba Yamusa, da wani baƙin zare yana hawa ta gefensa. Tsohon bai kalli allon ba, bai kalli na'urar ba. Gilashin yake kallo, inda ake hango kan Dakta a sunkuye, yatsunsa na murza wani abu da ba a gani.

Wayar ta iso kwanar jiya. Zaren ya ɗan lanƙwasa, ya ja baya, ya karkata kai kamar mai sauraro, sannan ya wuce sumul. Dakta ya ce, "Madalla."

Aka ɗauki fiye da awa guda ana shiga da fita. Daga ƙarshe aka tura bututun a naɗe, har ya kai ƙasan rassan nan biyu masu kai jini ga ƙoda. Nan ne wurin da ba a kuskure. In ya buɗe sama kaɗan ya toshe ƙoda, in ya buɗe ƙasa kaɗan jini ya ci gaba da zuba cikin kumburin. Dole mara lafiya ya riƙe numfashi, kada ya motsa ko kaɗan.

Lasifika ta ce, "Baba, yanzu ka riƙe numfashi."

Jin muryar da ba baki a tare da ita, sai jikin tsohon ya ɗauki ɓari. Haƙoransa suka fara haɗuwa. Inuwar da ke allo ta shiga rawa. Ya ce, "Yelwa," ba da ƙarfi ba, kamar wanda ya ga mutum ya shigo ɗaki. Idonsa na kan kusurwar da ke bayan na'urar, inda ba komai sai bango.

"Sista, yana motsi. Ki tsayar da shi, ba zan iya daɗewa a nan ba."

Rosemary ta dube shi daga sama. Abin kunya ne, amma ya faru: ta yi shiru na kamar numfashi biyu. Ba ta yi niyyar komai ba, ba ta kuma hana kanta tunanin ba. Ta ga ba sai ta soka komai ba, shirun ma ya isa. Tsoron kanta ya kama ta fiye da tsoron kusurwar da yake kallo.

Ta sa tafukanta biyu ta riƙe kansa, ta sunkuya har fuskarta ta tare masa bangon. Ta bar Hausa ta koma Gbagyi, harshen da yake tashinta da shi da asuba in za ta makaranta. Ta ce masa ita ce, ba kowa a ɗakin sai ita. Ta ce ya ja iska ya riƙe, kada ya sake sai ta ce. A karo na farko tun tana 'yar shekara bakwai, ya kalle ta cikin ido. Ya ja iska ya riƙe.

A allo, bututun ya buɗe a hankali kamar lema.

Da aka gama, aka ɗage koren zanen, Rosemary ta ɗora tafinta a saman cibiyarsa. Shiru. Zuciyar nan ta biyu ta daina bugawa. Dakta ya fito yana washe baki, ana ta yi masa barka, har an aika a kira mai ɗaukar hoto.

Wajen ƙarfe uku da rabi ta hau duba shi. Yana kwance, robar ruwa a hannu. Ya buɗe ido ya ce, "Me ya sa ba ka soka ba?"

Ta ce, "Ka sha ruwa kaɗan, Baba."

Ya kurɓa. Sannan ya kama bakin rigarta ya ce, "To ina ka ajiye ni?"

Ta gane abin da yake nufi tun kafin ya rufe baki. Ta ce masa yana nan a adane, ya kwanta. Ta fita a hankali, amma tana kaiwa matakala ta fara sauri. A ɗakin tiyata akwatin yana nan a buɗe, ba komai a ciki. Ta tambayi Mariya mai shara. Mariya ta ce ai Dakta ya ce tun da ya huje ba shi da sauran amfani, ta haɗa shi da audugar aikin yau a jakar ƙonawa, an fita da su baya.

A bayan asibitin akwai wani ɗan ɗaki na bulo mai dogon bututun hayaƙi, inda ake ƙona sharar tiyata kullum da la'asar. Rosemary, mai takardar shaida biyu a bango, wadda ke yi wa matan ƙauyensu faɗa in sun ɗaura wa jariri laya, ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta sheƙa a guje ta cikin taɓon jiya. Hayaƙi ya riga ya fara tashi. Mai ƙonawar ya jefa jaka biyu, ta uku na bakin murhu, gefenta ya fara narkewa. Ta fizgo ta, ta yage da hannu, ta tona cikin audugar. Yana nan. Bai ƙone ba, amma ya yi zafi har sai da ta sauya hannu. Mutumin ya tsaya da shebur yana kallonta, bai tambaye ta komai ba.

Ta wanke shi a famfon waje da ruwan sanyi, ta naɗe a tawul, ta hau sama. Janet na tsaye kan Baba Yamusa da ma'aunin zafi. Ta ce, "Yanzun nan jikinsa ya yi zafi rau, yana ta cewa a kashe wuta. Ga shi kuma ya fara sauka." Da aka kira Dakta ya ce ba abin damuwa ba ne, zazzaɓi bayan sa irin wannan bututun abu ne sananne, yana cikin littafi. Rosemary ta san yana cikin littafi, ita ma ta karanta. Ba ta duba agogo ba, ba ta kuma tambayi Janet lokaci ba.

Da ta tashi aiki ta shiga bas ɗin Nyanya, ta zauna bakin taga da ƙunshin a cinya. Hanyar cike take kamar kullum, ana tafiya ana tsayawa. Duk ramin da motar za ta faɗa sai ta ɗaga shi kaɗan don kada ya bugu. Ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ba kusa da risho ba, ba inda ɓera zai kai ba, ba kuma inda rana ke duka ba. Har yaushe? Wannan ma ba ta sani ba.

Sun wuce barikin sojoji ta lura babban yatsanta ya laluba ta cikin tawul ya sami kumburin cikin, ya zauna a kai. Ba dannawa take yi ba. Tana dai ƙoƙarin tuno fuskar mahaifinta ne, ba ta samu ba, sai gyaɗa. Ta janye yatsan. Ta kai hannu ƙirjinta ta ɓalle agogon aiki, ta zare fil ɗin da ke riƙe da shi, ta jefa shi ta taga. Ta laluba aljihu ta ciro ɗan almakashinta, shi ma ta bi shi da shi.

A tashar gaba mutane suka ƙara cika motar. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Madam, sa kayanka a ƙasa mana, mutum ya samu wuri."

Ta ƙara rungume ƙunshin. Ta ce, "Ba kaya ba ne. Babana ne."

Kwandastan ya dube ta, ya dubi tawul ɗin, ya matsa gaba ya bar ta.